Madatan Tsohuwar Makarantarmu

Ina zaune a ƙofar gida da hantsi ina sauraron rediyo, sai na ji kukan injin yankan itace daga wajen tsohuwar makarantarmu. Na saba jin wannan kuka a garin nan, amma ban taɓa jin sa daga wannan kusurwa ba. Na kashe rediyo na ɗauki sandata. A zamaninmu makarantar horon malamai ce, tana can bayan garin Haɗeja, tsakaninta da gidajen mutane akwai gonakin gero. Yanzu gari ya zagaye ta, an ɗaga darajarta ta zama reshen jami'a, an sauya mata suna. Mu da muka yi karatu a cikinta dai har gobe makarantarmu muke ce mata.

Da na shiga ƙofa na tarar da itatuwan maina a kwance, waɗanda mutanen Kano ke ce wa darbejiya, an jera su a ƙasa kamar raguna ranar layya. Rana ta sauka a wuraren da tun ina saurayi ban taɓa ganin ta sauka ba. A bakin filin makarantar an kafa wani babban allo mai hoto, yana nuna yadda wurin zai koma: daɓen bulo mai launi, gajeriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo, famfo mai feshin ruwa a tsakiya, da wasu dogayen itatuwan ado marasa inuwa. Na duba hoton sama da ƙasa ban ga madaci ko ɗaya ba. Da na juya wajen madatan kansu, waɗanda suka yi layi daga tsohon ɗakin taro har zuwa katanga, sai na ga an shafa wa kowanne jan fenti a jiki. Na tambayi wani ma'aikaci me jan fentin ke nufi. Ya ce, "Baba, su ma sara za a yi, idan mun gama da waɗannan."

Yaran yanzu ba za su gane abin da filin nan yake a wurinmu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni daga rugarmu ta wajen Kaugama aka kawo ni, da ɗan akwatin ƙarfe da tabarma, ban taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano ba. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne inuwar madatan nan, don ta yi mini kama da daji. Tashinmu kukan balbelu ne da ke kwana a kansu, kafin ma a buga ƙararrawa, wadda wani guntun ƙarfen titin jirgi ne da aka ɗauko daga Malam Madori aka rataye a reshe. Da an idar da sallar asuba sai ka ji ƙarar tsintsiya ta ko'ina, kowane aji da yankinsa, muna share ganye muna tarawa, ƙura tana tashi, wani yana rera karatun da za a tambaye shi. A gindinsu muke cin tuwo idan ɗakin abinci ya yi zafi. A gindinsu muke koyon yadda ake tsayawa gaban yara, ɗaya ya zama malami, sauran mu zama ɗalibai masu taurin kai. Da damina, idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, iska tana kawo mana warin laka da na kifin da ake ƙyafewa, kwaɗi su yi ta kuka har malami ya ɗaga murya. Yanzu ɗalibi yana fitowa daga aji sai ya nufi inda zai sa wayarsa caji. Mu ba mu da wurin zuwa sai gindin itace, kuma ban taɓa jin wani ya ce an cuce shi ba.

Firinsifal ɗinmu mutum ne dogo, marar yawan magana, ba ya dariya sai da dalili. Kullum a taron safe sai ya ce mana, "Wanda ya dasa waɗannan itatuwa bai san ku ba, amma ya yi muku inuwa. Wanda ya taɓa mini reshe ɗaya zai san ni." Muna tsoronsa, muna kuma girmama shi. A shekarata ta ƙarshe ya naɗa ni mai kula da filin, wato ni zan tabbatar an yi shara, ba a karya reshe ba, awakin gari ba su shigo ba.

A wannan shekara aka yi fari. Waɗanda suka gan shi ba sa son tuna shi. Kogin Haɗeja ya tsinke ya koma 'yan kududdufai, fadamar da ake noman shinkafa ta tsattsage har ƙafar mutum tana shigewa. Masunta suka rataye komarsu. Makiyaya suka yi ta gangarowa bakin gari da shanun da ke tafiya suna tangaɗi, wadda ta kwanta ba ta sake tashi. A duk faɗin wurin babu wani kore da ya rage sai kan madatanmu.

Wata rana bayan azahar aka ce ana sallama da ni a bakin wayar da ta kewaye makarantar. Na je na tarar da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya goye ni ina yaro. Ban gane shi da farko ba saboda ramewa. A bayansa ga abin da ya rage na garkenmu, shanun da na san kowacce da sunanta. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ɗaga kai ya dubi itatuwan ya ce, "Ɗana, ganye nake roƙo. Ba zan kashe muku itace ba, rassan gefe kawai. Idan ba su ci wani abu ba a kwanakin nan, babu wadda za ta ga damina."

Na tafi ofishin Firinsifal na durƙusa na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji tausayinsa. Amma itatuwan nan amana ce a hannuna. Idan na ba shi yau, gobe duk makiyayan ƙasar nan za su zo da gatura. Je ka ba shi haƙuri." Na fito ban san da wane baki zan koma wurin Baffa ba. A bakin baranda na ci karo da Haruna, abokina, ɗan cikin gari ne, mahaifinsa fataucin kifi yake yi. Haruna bai taɓa kiwon ko tunkiya ba. Ya ga fuskata ya tambaye ni, na gaya masa. Sai ya wuce ɗakin ajiyar kayan noma ya ɗauko adda, ya cire takalmi, ya rungumi madaci mafi girma ya fara hawa, rana tsaka, a gaban tagar Firinsifal.

Na bi shi. Kafin mu kai reshen farko 'yan ajinmu sun fito, sannan sauran azuzuwa. Masu iya hawa suka hau, sauran suna jan rassan da suka faɗo suna miƙawa ta saman waya. Baffa yana ƙasa yana cewa a bar kan itacen, a sari na gefe. Ba shanunmu kaɗai suka ci ba, duk makiyayin da ke kusa ya koro nasa. Har yau ina jin ƙarar yadda shanun nan ke fizgar ganye, da hucinsu, da yadda wani tsoho ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Firinsifal ya fito ya tsaya a baranda, hannuwansa a baya, bai hana ba, bai kuma koma ciki ba.

Da safe a taro ya ce wanda ya fara ya fito. Haruna ya taka gaba, na taka, sai dukan makaranta ta tako har layi ya ruɗe. Ya daɗe yana kallonmu. Ni da Haruna muka sha bulala a gaban kowa, ya kuma karɓe mini muƙamina. Sauran hukuncin na kowa ne: tun da mun aske itatuwan, mu za mu shayar da su har ruwa ya sauka. Haka muka yi ta tafiya kududdufan kogi da garwa a kai, safe da yamma, wuya yana ciwo, ƙafa tana tsagewa, ba wanda ya yi ƙorafi. Da damina ta zo madatan suka fitar da sabon ganye ja-ja, ya fi na da yawa. Ba duka shanun suka rayu ba, amma an sami na tada garke. Baffa ya dawo da ƙwaryar kindirmo ya ajiye a ƙofar ofis. Muna leƙe ta taga muka ga Firinsifal ya ɗaga ƙwaryar ya sha. A ranar na fahimci cewa mutum yana iya girmama na gaba da shi, ya kuma ƙi bin maganarsa idan rai yana cikin haɗari, ya karɓi bulalarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da wannan na yi aikin koyarwa har na yi ritaya.

To, waɗannan ne itatuwan da aka shafa wa jan fenti. Daga filin ban koma gida ba, na wuce gidan Haruna, wanda yanzu Alhaji Haruna ne, ya yi manyan ayyuka a Dutse, shi ne kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Na same shi a falo, fanka tana kaɗa shi. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ka san abin da ake yi a makarantarmu?"

Ya ce, "Na sani, Malam. Da mu aka zauna. Mun amince."

Na ce, "Har da madatan?"

Ya gyara zama ya ce, "Ka duba, yaran nan suna zuwa wasu jami'o'i suna ganin wuri tsaf, su dawo nan su tarar da ganye da kashin tsuntsu. Saiwa tana fasa gini. Kwanaki reshe ya faɗo a kan motar wani malami. Zamaninmu ya wuce, mu bar su su yi nasu."

Na ce, "Kai ne fa ka fara hawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Na hau, lokacin ina da gwiwa. Yanzu da ni da kai ko matakalar masallaci sai da dabara. Ka je ka huta, kada ka ja wa kanka magana."

Na tashi ban sha ruwan da aka kawo mini ba.

Washegari bayan na karya kumallo na ɗauki tabarma da buta da carbi. Maiɗakina ta tare ni a zaure ta ce, "Malam, da hawan jinin naka za ka je ka zauna a gaban injin?" Na ce mata a inuwa zan zauna, likita ma hutu ya ce in yi. Na je na shimfiɗa tabarmata a gindin babban madacin na jingina da jan fentin. Da ma'aikata suka iso da injinsu suka tsaya cirko-cirko. Shugabansu ya zo ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah a ɗan matsa, aiki za mu yi." Na ce masa, "Yi aikinka, ɗana, ban riƙe maka hannu ba. Ni dai a nan nake zaune." Ya kira masu gadi. Babbansu ya zo da saurinsa, yana ganina ya rage tafiya, don ni na koya masa karatu a firamare. Ya cire hula ya gaishe ni, ya ce an umarce shi ya fitar da ni. Na ce to ya kama gefen tabarmar, wani ya kama ɗaya gefen, su ɗauke ni su ajiye a titi, gobe kuma su shirya sake ɗauka. Ya tsaya yana sosa ƙeya, daga baya ya tafi.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. A gari aka fara cewa tsufa ya taɓa ni. Babban ɗana ya bugo waya daga Kano ya ce, "Baba, hotonka yana yawo a wayoyin mutane, ana yi mana dariya a wurin aiki." Na ce masa ya gaya musu ubansa ne, kada ya ɓoye. An aiko mini cewa za a kira 'yan sanda. Ƙafafuna suka kumbura saboda zama, bayana ya riƙe. Akwai yammacin da na koma gida na ce a raina gobe ba zan iya ba. Da gari ya waye na tuna injin ba ya gajiya, na sake ɗaukar tabarma.

Ban kira kowa ba, amma labari ya kai inda ya kai. Wani ɗan ajinmu da ya makance ya sa aka kawo shi daga Jahun a bayan babur, ya ce a zaunar da shi a gindin kowane itace ne, shi dai madaci. Wasu suka zo daga Malam Madori, wasu daga cikin gari, kowa da tabarmarsa, kowa ya kama gindin itace ɗaya. Muka yi ta hirar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sannan ɗalibai suka fara zuwa, yawancinsu mata, suna zama nesa kaɗan da littattafansu. Ɗaya ta ce mini, "Baba, mu ma a nan muke karatu idan an ɗauke wuta. Ba wanda ya tambaye mu." Ashe ba mu kaɗai muka san daɗin inuwar ba, na yi musu mummunan zato a banza.

Ana cikin haka wadda ta zana tsarin filin ta zo da kanta, wata matashiya mai suna Asma'u, sa'ar jikata. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, ina son ka taso in nuna maka wani abu." Ta kai ni wajen madatan da ke kusa da katanga, ta ƙwanƙwasa jikinsu da dutse, suka yi ƙara kamar ganga. Ta zura sanda a wani kogo, sandar ta shige duka. Ta ce, "Waɗannan sun mutu a tsaye. Idan iskar damina ta kayar da ɗaya a kan ɗalibi, me za mu ce wa iyayensa?"

Na daɗe ina shafa jikin itacen. Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini ciwo. Na ce, "'Yata, waɗannan ki sare, ba zan hana ba. Amma masu rai fa? Me suka yi?"

Ta ce, "Hanya ce za ta bi ta kansu. An ce mini a miƙe ake son ta, daga ƙofa har ɗakin taro."

Na ce, "Su sun riga hanyar zuwa. Ki gaya wa wanda ya aiko ki cewa tsofaffin nan ba su da aikin yi, ba su da inda za su. Za mu zauna har ya gaji."

Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma za ta sake zane ta kai wa shugabannin makarantar. Ban san abin da aka yi a ofisoshinsu ba, ba a kira mu ba. Mun dai ci gaba da zama. Wata safiya muka ga ma'aikaci da bokitin ruwa da buroshi yana goge jan fentin daga jikin masu ran. Ba mu yi shewa ba. Makahon abokinmu ya ce a kai hannunsa wurin, ya shafa, ya ce alhamdu lillahi, muka naɗe tabarmi.

Ba duka muka iya cetowa ba. Maina sun tafi, tsamiyar bayan ɗakin abinci ta tafi, balbelu sun ragu. An shimfiɗa bulon, da rana yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Hanyar kuwa ta lanƙwasa ta bi gefen madatan. Haruna ya daina yi mini magana. Idan muka haɗu a jana'iza sai ya miƙo hannu yana kallon wani wuri. Wannan ya fi kumburin ƙafa ciwo, amma ban je ba shi haƙuri ba, don ban san a kan me zan ba shi ba.

Ranar buɗe filin aka gayyace mu, aka ba mu kujeru a layin baya na rumfa. Manya suka zo da motoci, aka kunna famfon yana feshi. Wani babban jami'i ya hau mumbari yana jawabi, Haruna yana zaune kusa da shi cikin babbar riga. Jami'in ya nuna madatan da hannu ya ce, saboda hangen nesa da kishin tarihi irin na hukumar makaranta, tun farkon tsari aka yanke shawarar adana waɗannan itatuwa masu daraja. Aka fara tafi.

Na dafa sandata na miƙe. Na jira tafin ya lafa, sannan na yi magana da muryar da na saba kaiwa ƙarshen aji. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gyara wannan. Ba ku kuka bar su ba. Kun shafa musu fenti za ku sare, mu muka hana. Ga mu nan a baya, ga ɗaliban can, ga kuma yarinyar da ta sake zanen. A faɗa daidai, yara suna ji."

Jami'in ya duba takardarsa kamar zai sami amsa a ciki. Daga can inda ɗalibai ke tsaye wata ta fara tafi, sauran suka ɗauka. Na dubi Haruna, ya sunkuyar da kai ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na koma na zauna, aka ƙarasa jawabin a gurguje.

Da aka tashi ina neman mai babur a bakin ƙofa, sai wata mota ta tsaya a gabana, aka sauke gilashi. Haruna ne. Idanunsa sun yi ja don dariya. Ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba."

Na ce, "Ba ni da niyya."

Ya ce, "Shigo in kai ka gida, kafin su kama ka."

Na shiga. Tun daga ranar makarantar ba ta sake gayyatata wani taro ba. Ni kuwa ban taɓa jiran gayyata ba, duk ranar da na ga dama ina zuwa.